Kullum sai an yi rubutu, to ina ake samo abin rubutawa?

Zee_Malali:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni, kuma don Allah manyanmu su sa baki, kada a bar ni da tsararrakina. Duk wanda ka tambaya yadda ake gogewa a rubutu, amsa ɗaya ce: a riƙa yi kullum ko da layi biyar ne. To na ji. Amma me zan rubuta? Ni daga gida sai makaranta, daga makaranta sai Islamiyya. In na buɗe dayarina abin da ke fitowa bai wuce na tashi, na ɗora tukunya, an ɗauke wuta, an kawo wuta ba. Wannan ne zai mayar da ni marubuciyar ƙagaggen labari? Na biyu, me zai hana admin ya riƙa ajiye mana jigo ɗaya kowace safiya, kowa ya gwada alƙalaminsa a kai?

Ɗan_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Ki hau bas daga Kawo zuwa Kasuwa, ki cire abin nan na kunne, ki jefa waya a jaka. In kika sauka ba ki samu abin rubutawa ba, ni zan biya kuɗin motar.

Ummu_Sadiq:
Da tsadar motar nan? Ɗan Rigasa ka iya alkawari.

Malam_Sani_TW:
Da wasa ya faɗa amma gaskiya ce. Malama Zee, matsalarki ba rashin abin rubutawa ba ce, kin juya alƙalamin ne yana kallon ki ke kaɗai. Littafi biyu ne, mutane ke haɗe su. Akwai dayari, inda mutum ke zuba abin da ke cikinsa. Akwai kuma littafin tsince-tsince, inda ake ajiye abin da kunne ya jiyo da abin da ido ya gano. Mai son ƙagaggen labari na biyun ya fi yi masa amfani.

Ga misali. Ana gab da Sallah ina zaune a shagon wani tela a Kasuwar Barci, wata mata ta zo karɓar ɗinki, ba a ko yanka yadin ba. Telan ya dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, in ban gama ranar Alhamis ba ki kira ni da sunan da kika ga dama." Ko kallonsa ba ta yi ba, tana gyara mayafi ta ce, "Ai tun Sallar bara nake kiran ka da shi." A nan take na rubuta a bayan rasit. Dubi abin da ke cikin magana biyun nan: sun daɗe tare, ya saba saɓa mata, ita kuma ta ƙi sauya tela. Me ya sa ta ƙi? Aikinsa ne mai kyau, ko bashi take ci, ko ɗan ƙawarta ne? Ga labari nan ya buɗe baki. Da zan zauna a ɗaki in ƙago irin wannan amsar, sai in kwana ban samo ta ba.

Abin da nake sa ɗalibaina ke nan: kowace rana magana ɗaya da ka ji da kunnenka, ka rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ka gyara mata Hausa.

Hajjo_Badarawa:
Malam wannan matar ko yayata ce 😂

Maman_Hanif:
Bari in shigo da abin da ba a so a ji. Ni "kullum" ɗin nan na san shi ciki da waje, don shekaru na yi ina sakin littafi a WhatsApp da Wattpad. Kullum sai ka yi taifin ka saki feji, in ka yi fashin kwana ɗaya ka tashi ka tarar da "Anti shiru", "Anti lafiya kuwa", har da masu zagi ta bayan fage. Me hakan ke haifarwa? Labarin da ya kamata ya ƙare a feji talatin sai ya kai ɗari da wani abu. Kamar miyar da aka yi baƙi ce, ruwa kawai ake ƙara mata. Yau a bayyana lefe akwati-akwati, gobe tauraruwa ta shiga kicin a lissafa duk abin da ta soya, jibi a kawo hatsarin mota don an rasa inda za a nufa. Hannu yana sauri, ƙwarai kuwa, amma rubutun ba ya gaba. Saboda haka a bambance: rubutu kullum daban, saki kullum daban. Wanda ke cikin littafinki babu mai jiran sa, kina da damar ya yi muni, ki yage, ki sake.

Ummu_Sadiq:
Anti Maman Hanif a yi mana adalci. Lefen nan da girkin nan su masu karatu ke biya don su karanta. Ni da kuɗin littafi nake sayen data da sabulu. Kuma da yawanmu da ba don matsin masu karatu ba, da ko littafi ɗaya ba mu kai ƙarshensa ba.

Maman_Hanif:
Ban ce haram ba ne ƙanwata, sana'a ce. Amma yarinyar nan gogewa ta tambaya, ba kasuwa ba.

Tsohon_Masaƙa:
Salamu alaikum. Ni ba marubuci ba ne, jikata ce ta sa ni a zauren nan, karatu kawai nake yi. Amma maganar 'yata Zee ta "an ɗauke wuta, an kawo wuta" ita ta sa na ce bari in tofa.

Na yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a nan Kaduna. Yaran yanzu ba za su gane yadda wurin yake ba. Masaƙar KTL ita ce ta fari, tun 1957, ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL kuma ta rufe a 2007. Lokacin da ake aiki, in aka tashi daga aikin safe titi ba ya biyuwa saboda kekuna. Za ka gane ma'aikacin masaƙa ko a masallaci, don ƙurar auduga na maƙale masa a gira da gashin hanci, kuma yana magana da ƙarfi saboda ƙarar injin ta saba masa da ihu. Masu abinci na jere a bakin get da littafin bashi, sai ƙarshen wata a biya.

Ina da ƙananan littattafai na aljihu da nake rubutu a ciki tun wancan zamani. Ba wani abin kirki: albashi ya shigo, kuɗin mudun shinkafa, an haifi wane, an sauya ni zuwa aikin dare, taya ta fashe a gada. A lokacin ni ma gani nake shirme ne. Yanzu in jikokina suka ɗauko suna karantawa, kuɗin mudun nan ne ke sa su salati, ba wani dogon tunani nawa ba. To 'yata, rubuta an ɗauke wuta. Amma ki ƙara da ƙarfe nawa, da abin da ya lalace a firij, da abin da mahaifiyarki ta ce.

Zee_Malali:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Aliyu_Tarihi:
Baba don Allah a adana littattafan nan, kada a bari gara ko damina su taɓa su. Irinsu masu bincike ke nema ido rufe. Mu da ke zirga-zirga tsakanin Gidan Arewa da ke titin Rabah da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna mun san yawancin abin da ke ajiye rahoton Turawan mulki ne da wasiƙun hukuma. Muryar leburan masaƙa ko matar aure a cikin gida ba ta cika samuwa ba.

Akwai misalin da nake yawan bayarwa. Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke jihar Adamawa ta yanzu, ya ajiye dayari daga 1912 zuwa 1927, yana faɗa magatakarda na rubutawa da Larabci. Layukan gajeru ne, babu ado: ya aika mutanensa hari gari kaza, an kamo bayi kaza, an koro shanu kaza, wane ya kawo masa kyauta. A wurinsa lissafin yau da gobe ne kawai. A 1927 Turawa suka tuɓe shi, aka fassara dayarin zuwa Ingilishi, aka buga shi a 1995. Yau yana cikin shaidu mafi ƙarfi a kan yadda farautar bayi ta ci gaba a yankin har cikin zamanin Turawa. Bai rubuta don ya tona wa kansa asiri ba, amma abin da ya faru ke nan.

Hajjo_Badarawa:
To ka ga abin da ya sa na daina. Dayari a gidan Bahaushe? Ina 'yan mata ƙanena ya ciro nawa daga ƙarƙashin katifa, ya tsaya a tsakar gida yana karanta wa mutane da murya har da kwaikwayon kukana. Yanzu kuma gidan miji, ga yara ga 'yan'uwan miji masu shiga ɗaki ba sallama. Wace mace ce za ta rubuta abin da ke ranta ta ajiye a durowa?

Nas_Barnawa:
Anti Hajjo ki koma waya ki sa mata makulli.

Hajjo_Badarawa:
Wayar da maigida ya san lambar buɗe ta? Ko wadda za a fizge a bakin titi?

Ɗan_Rigasa:
Ki rubuta da ajami, yaran yanzu ba su iya ba.

Hajjo_Badarawa:
Surukata da allo ta tashi, ita za ta fi kowa saurin karantawa.

Nas_Barnawa:
Ni dai ga yadda nake yi. Aikin jinya nake, in ina aikin dare wajen ƙarfe uku wuri kan yi tsit. Sai in buɗe imel in rubuta in tura wa kaina. Ko an sace wayar yana nan. Abin da ya yi nauyi sosai kuma ba na cewa "ni", sai in ce "wata mata". Da haka ma gajerun labaraina suka fara, ban shirya ba. Da ka ce "wata mata" sai ka ga ka ba ta abin da ba naka ba, ka sauya mata unguwa, ka ƙara mata ɗa, kafin ka ankara ta zama mutum daban. Sirrin marasa lafiya kam ba ya shiga, wannan amana ce.

Abu_Ammar:
Ina da tambaya ga Malam Sani. Wannan tsince-tsincen maganganun mutane da rubuta halin maƙwabta, bai shiga giba ba? Hadisi ya ce giba ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da ba ya so. Malamai kuma na cewa alƙalami ɗaya ne daga cikin harsuna biyu.

Malam_Sani_TW:
Tambaya mai kyau, hukuncinta kuma na malaman fiƙihu ne, ni malamin Hausa ne. Abin da nake kiyayewa dai shi ne ba na rubuta suna, ba na kuma barin alamar da za a gane mutum. Telan da na ba da labarinsa, tela nawa ne a Kasuwar Barci? Abin da nake ɗauka salon maganar ne, ba mutumin ba.

Maman_Hanif:
A nan ina tare da Abu Ammar. Mun ga marubutan da suka kwashe sirrin ƙawa ɗungurungum suka mayar littafi, suna kawai aka sauya, duk unguwa ta gane. Zumunci ya mutu a kan feji ashirin.

Admin_Bash:
Jama'a mun yi nisa. Tambaya ta biyu ba a taɓa ta ba: a riƙa ajiye jigo kowace safiya ko kada a yi?

Alƙalamin_Kawo:
Ni ban goyi baya ba. Rubutu ilhama ne. In abu bai taso maka daga zuci ba, ko ka rubuta ba shi da rai. Jigon da aka ba ka aikin aji ne, insha'i ne, "Yadda na yi hutun ƙarshen zango". Ni sai in yi wata biyu ban taɓa biro ba, ran da abin ya zo kuma in kwana ina yi. Da azumi ma gaba ɗaya nake ajiyewa. Wanda ya rasa abin rubutawa ya je ya yi karatu, shi ne maganin, ba a ƙirƙiro masa jigo ba.

Aliyu_Tarihi:
Yaya Alƙalami, maganar karatu gaskiya ce, amma tarihi bai goyi bayan sauran ba. Ƙagaggun littattafan Hausa na boko na farko ai da roƙo aka samo su. A 1933 Rupert East na hukumar fassara da talifi da ke Zariya ya bi garuruwa yana neman malamai su rubuta labarin da suka ƙago, aka yi gasa, aka buga guda biyar. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma yana cikin waɗanda aka buga nasu. Ba wanda ya ce bari ilhama ta sauko tukuna. An ce a rubuta, an sa lokaci, suka zauna suka rubuta. Ko a yanzu dubi Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016: an ce kalma 1000 zuwa 1500, an sa ranar rufewa. Mata nawa ne suka fara kammala labari saboda wannan iyakar?

Alƙalamin_Kawo:
Gasa daban, akwai kyauta a gaba. Admin me zai ba mu?

Admin_Bash:
Addu'a.

Ɗan_Rigasa:
Mu maza ma da ba a sa mu a Hikayatar ba ai sai mu rungumi addu'ar.

Malam_Sani_TW:
Inda Alƙalamin Kawo ke da gaskiya shi ne yawancin jigon da ake bayarwa ba ya tayar da komai. A ce maka rubuta a kan "Haƙuri" ko "Illar shaye-shaye". Me za ka yi in ba wa'azi ba? Waɗanda ake kwasowa daga intanet kuma ba don mu aka yi su ba, za ka ga ana cewa ka bayyana ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba, ko ka rubuta wasiƙa ga karenka. Jigo mai amfani ƙarami ne, yana da abu a cikinsa da za ka iya taɓawa, yana kuma da matsala. A ce: makulli a cikin kayan mamaci, babu wanda ya san ƙofar da yake buɗewa. Ko: mutum biyu na faɗa a kan kujerar gaba a Keke, amma ba kujerar ce ainihin abin da ya haɗa su ba, kuma ba a yarda ka faɗi ainihin ba. Ko ka tsaya a gadar ƙarfen nan ta Lugard da ke Gamji, wadda aka ciro daga Zungeru a 1954, ka rubuta abin da mai gadin wurin ke gani ranar yawon Sallah. Irin wannan ko ba ka da niyya sai ka ji hannunka na ƙaiƙayi.

Ɗan_Rigasa:
To ga nawa, a gwada yanzu: layin mai POS, katin wani ya ƙi.

Zee_Malali:
Bari in gwada, kada a yi mini dariya.

Layin ya kai bakin kwata. Dattijon ya zaro katin daga cikin wata leda, ya ce a cire masa dubu biyar. Yaron ya danna, ya jira, ya sake dannawa. "Baba, babu kuɗi a ciki." "Duba dai da kyau, jiya ya ce ya turo." Yaron ya juya masa fuskar na'urar, ko da yake ya san ba karantawa zai yi ba. Dattijon ya karɓi katin, ya mayar cikin ledar, ya ninke ta yadda take. "To netwok ne," in ji shi da ƙarfi, don na baya su ji. Allah sarki, 'ya'yan zamani ba su da tausayin iyaye.

Nas_Barnawa:
Kai! "Don na baya su ji." Wannan ya taɓa ni.

Maman_Hanif:
Ke da kika ce ba ki da abin rubutawa? Amma ki goge jimlar ƙarshe. Dattijon ya rufa wa ɗansa asiri a gaban mutane, ke kuma kin zo kin tona. Kuma wa ya ce miki ɗan bai da tausayi? Wataƙila shi ma albashin ne bai shigo ba. Ki bar mai karatu da wannan zullumin.

Ummu_Sadiq:
Ni kuwa da jimlar zan bar shi. Masu karatunmu suna son a fito musu da darasi ƙarara, in ba haka ba su ce labarin bai ƙare ba.

Abu_Ammar:
Ina bayan Ummu Sadiq. Rubutun da babu faɗakarwa a ciki me amfaninsa?

Malam_Sani_TW:
Faɗakarwar tana cikin ninke ledar, Abu Ammar. Duk wanda ke da uba a gida ya karanta wannan zai duba wayarsa ya ga yaushe rabon da ya tura. Amma wannan muhawara ce ta wata rana, an daɗe ana yin ta.

Alƙalamin_Kawo:
Ya yi kyau, ban musa ba. Sai dai ina da tabbacin ta taɓa ganin dattijon nan da idonta. Jigon bai ba ta komai ba, tuna mata kawai ya yi.

Zee_Malali:
Na taɓa ganin mai kama da shi a bakin kasuwar Kawo, amma shi kuɗinsa sun fita. Ledar ce kawai tasa.

Alƙalamin_Kawo:
To kin gani.

Aliyu_Tarihi:
Me ta gani? Ai maganarka ta rushe ke nan Yaya, rabin labarin ƙago shi ta yi, kuma cikin minti goma.

Hajjo_Badarawa:
Ni dai in za a yi, kada a ce dole sai an turo a zaure. Wani abin na mutum ne shi kaɗai. Kuma kullum ya yi yawa, masu yara ba za mu iya ba.

Tsohon_Masaƙa:
Malam Aliyu, littattafan suna nan cikin akwatin ƙarfe. Wasu biron ya dushe. In akwai yaron da zai iya kwafe su a kwamfuta ina so, amma akwai shafukan da zan cire tukuna, akwai sunayen mutane da bashin da ke tsakaninmu.

Aliyu_Tarihi:
Da kaina zan zo Baba, zan yi maka magana ta gefe. Kada a yage komai don Allah, a rufe sunayen kawai.

Admin_Bash:
To ga abin da na tsinta. Masu so sun fi yawa, amma ba a yarda da kullum ba. Za mu gwada Litinin, Laraba da Asabar, jigo ya fito bayan sallar Asuba, wanda ya ga dama ya turo, wanda bai ga dama ba ya bar shi a littafinsa. Kada ya wuce kalma 200. Ba ni kaɗai zan riƙa kawowa ba, za a yi karɓa-karɓa. Malam Sani ya fara ranar Litinin.

Maman_Hanif:
Ni ba na ciki, ina da littafin da nake bin kaina bashinsa. Amma zan riƙa leƙowa ina goge muku jimlolin ƙarshe.

Alƙalamin_Kawo:
Za mu ga ko za a kai wata guda.

Ummu_Sadiq:
Kalma 200 ko sallamar tauraruwata ba ta isa ba. Admin a ƙara. Sannan wa ke da Laraba? Kada dai a ba Ɗan Rigasa, cikin bas zai tura mu.